Kiɗan da Aka Yi Cikin Yunwa a Leningarad

A cikin yaƙin Hitila, ran 8 ga watan Satumba 1941, rundunar Jamus ta kewaye Leningarad, babban birni a ƙasar Rasha, wanda tun 1991 aka mayar masa da sunansa na da, watau San Fitasbag. Aka toshe hanyoyin abinci. Da sanyi ya kankama, rabon wanda ba ya aikin ƙarfi bai wuce giram 125 na burodi a yini ba, abin da yaro zai cinye yana tsaye. Mutane suka riƙa faɗuwa matattu a kan titi.

A birnin akwai wani gwanin tsara kiɗa, sunansa Shostakobich. Turawa dai rubuta kiɗansu suke yi a takarda, kowane makaɗi ya karanta nasa rabo. To, shi wannan ya fara tsara babban kiɗansa na bakwai igwa na tashi a kansa, aka fitar da shi daga garin, ya ƙarasa a Disamba 1941. Kiɗa ne mai bukatar makaɗa wajen ɗari, kuma ya fi sa'a guda ana yinsa.

A 1942 hukuma ta ce lalle a kaɗa shi a cikin Leningarad ɗin kanta. Jirgin sama ya ratso da takardun. Shugaban makaɗan gidan rediyo, Karl Eliyasbag, ya kira mutanensa, sai wajen goma sha biyar kaɗai suka iya zuwa. Saura sun mutu, ko suna kwance. Gwajin farko bai daɗe ba aka tashi, don masu busa ba su da numfashin da za su cika ƙaho. Aka ƙara musu abinci, aka nemo sojojin da suka iya kiɗa daga bakin dāga. Duk da haka uku sun rasu kafin ranar.

Ran 9 ga Agusta 1942 aka taru. Kafin a fara, sojan Rasha suka yi ta zuba wa Jamusawa igwa, don kada su sami sarari su jefa wa zauren wuta. Makaɗa suka fito, riguna sun yi musu yawa saboda rama. Aka kafa lasifika a tituna, har aka juya wasu wajen ramukan abokan gaba, su ma su ji. A wajen farkon kiɗan akwai wata ƙaramar ganga mai taken tafiyar soja, tana farawa can ƙasa ƙasa, tana ta ƙaruwa har ta cika kunne. Mutanen da suka binne 'ya'yansu a wannan shekara ba su bukaci a fassara musu ita ba. Da aka gama, jama'a suka miƙe suna tafi suna kuka.

Sai ran 27 ga Janairu 1944 aka kori Jamusawa daga bakin birnin. A 1964 Eliyasbag ya tara waɗanda suka rage cikin makaɗan nan suka sake kaɗa shi, aka ɗora kayan kiɗan waɗanda suka mutu a kan kujerunsu.