Tarihin Abuja na Malam Hassan da Malam Shu'aibu: Tushensa da Tasirinsa a kan Marubutan Baya

1.0 Gabatarwa

Magajiya ɗaya ce daga cikin unguwannin garin Suleja a Jihar Neja. Sunan da take ɗauke da shi sunan sarautar mata ne da aka sani a ƙasar Hausa tun zamanin Daura, kuma yana cikin sarautun da Zagezagi suka riƙe kafin jihadi. Mai son sanin matsayin irin wannan sarauta a tsohuwar fadar Zazzau, yawanci wani ɗan ƙaramin littafi yake komawa gare shi, wanda 'yan garin nan biyu suka rubuta da Hausa a lokacin da ake kiran garin Abuja. Wannan maƙala za ta dubi littafin ta fuska biyu, wato rubuce-rubucen da ya gada, da kuma waɗanda suka sha daga gare shi bayan fitowarsa.

2.0 Garin da Littafin

Muhammadu Makau shi ne sarkin Zazzau da mayaƙan jihadi, ƙarƙashin Malam Musa, suka raba da birninsa. An ce yana masallacin idi a bayan gari lokacin da aka auka masa, bai sami komawa fada ba, sai ya yi kudu da waɗanda suka bi shi, har ya sauka Zuba a ƙasar Koro. Ya rasu a wajen yaƙi kusa da Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya gaje shi, ya kafa sabon gari a 1828, garin ya ci sunansa. Sarakunan da suka biyo baya ba su taɓa barin laƙabin Sarkin Zazzau ba, kuma Fulanin Zariya ba su ci garin da yaƙi ba har zuwan Turawa a 1902.

A zamanin Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, aka tattara wannan tarihi a rubuce. Marubutan su ne Malam Hassan, Sarkin Ruwan Abuja a lokacin, wanda daga baya ya zama Dallatu, da Malam Shu'aibu Na'ibi, wanda yake aikin makaranta a Bida. Kamfanin Gaskiya na Zariya ya buga Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe a 1952. A shekarar ce kuma fassarar Frank Heath ta fito daga maɗaba'ar jami'a ta Ibadan da sunan A Chronicle of Abuja, aka sake buga ta a Legas a 1962. Wannan fassara ita ce ta yi suna, ita ce kuma kusan kowane mai nazari yake ambata.

3.0 Abin da Littafin ya Gada

Malaman biyu ba su fara daga fili ba. A fadojin Hausa akwai tsohuwar al'adar adana jerin sunayen sarakuna da shekarun kowannensu, wani a rubuce da ajami ko Larabci, wani a bakin maroƙa da makaɗan fada. Kashin farko na littafin a kan wannan turba yake: sarki bayan sarki, da yaƙoƙinsa, da abin da ya faru a zamaninsa. Haka Tarihin Kano yake, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, aka kuma mayar da shi Hausar boko cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, aikin Hukumar Fassara ta Zariya a farkon shekarun 1930. Malamin makaranta na wancan zamani da wuya a ce bai san wannan littafi ba, domin don makarantu aka yi shi.

Amma akwai inda marubutan Abuja suka saki wannan turba. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan jihadi, tun daga Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello wanda aka kammala a 1812, daga ɓangaren waɗanda suka yi nasara ya fito. A littafin Abuja kuwa, waɗanda aka kora ne suke ba da labari, kuma ba su ba da shi da muryar kuka ba. Makau a wurinsu sarki ne da aka yi wa ba-zata, ya fita da sarautarsa bai bar ta a baya ba. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin gidajen sarautar Hausa na dauri suka bar rubutu irin wannan da harshensu. Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri sun yi irin wannan hijira, amma labarinsu ya fi zuwa ga masu karatu ta hannun manazarta na waje.

Bambanci na biyu shi ne kashin da ya yi bayanin sarautu da al'adu. Tsofaffin littattafan tarihi ba su damu da faɗar aikin Madawaki ko Galadima ko Wambai ko Dallatu ba, saboda duk mai sauraro ya sani. Malam Hassan da Malam Shu'aibu sun zauna sun jera su, da aikin kowa, da yadda ake naɗa sarki, har da sarautun mata da al'adun aure da haihuwa. Wannan salon bayani ga wanda bai sani ba alama ce ta zamanin boko, kuma shi ne ya sa littafin ya yi amfani ga baƙi.

4.0 Waɗanda Suka Sha daga Gare Shi

Babu wanda ya dogara da littafin kamar M. G. Smith. Ya yi bincikensa a lardin Zariya a 1949 da 1950, ya fitar da Government in Zazzau a 1960. Burinsa shi ne ya nuna yadda tsarin mulkin Zazzau ya sauya daga hannun sarakunan Hausa zuwa Fulani, sa'annan zuwa Turawa. To, amma Zariya da ya tarar ta yi shekara ɗari da arba'in a hannun wasu gidajen sarauta. Ina zai ga tsarin da aka rushe? Sai ya ɗauki bayanin Malam Hassan da Malam Shu'aibu a kan Abuja ta ƙarni na 19 ya mai da shi madubin Zazzau ta ƙarni na 18, bisa hujjar cewa Makau da magadansa sun kwashi tsarin ne suka dasa shi a sabon wuri. Babi guda na littafinsa a kan wannan aka gina shi. Daga nan bayanin ya ratsa cikin littattafan kimiyyar siyasa da na nazarin al'umma a Ingila da Amurka, har masu karatu da dama suka san sarautun Abuja ba tare da sun san sunayen malaman da suka fara rubuta su ba.

Hujjar Smith tana da rauni a wuri ɗaya da ba ya ɓoyuwa. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna yawo kafin su kafa gari, suka zauna a tsakiyar Gwari da Koro da Gade, suna cikin shirin yaƙi kullum, ba lalle ne tsarinsu ya tsaya yadda yake a Zariya ba. Wata sarauta za ta ƙara nauyi, wata ta rage. Marubutan Abuja abin da suka sani a garinsu suka faɗa, kuma sun faɗe shi da kyau. Mai da shi hoton ƙarnin da ya gabata aikin Smith ne, laifin ko yabon nasa ne.

Ana iya bin sawun tasirin littafin ta wata hanya mai sauƙi, wato shekara. A lissafin Abuja, 1804 ce shekarar da Makau ya bar Zariya, Smith ma haka ya ɗauka. H. F. C. Smith, wanda daga baya aka sani da Abdullahi Smith, ya sake duba lissafin sarakunan Zariya a 1961, ya nuna ƙarshen 1808 ne birnin ya faɗi, kuma a kan haka masana tarihin daular Sakkwato suka tsaya. Duk da haka 1804 ba ta ɓace ba. Har yanzu ana cin karo da ita a ƙananan littattafan tarihin Suleja da jawaban bukukuwa, kuma duk inda aka gan ta, da wuya a rasa jinin littafin 1952 a wurin.

Kalmar Haɓe da ke cikin sunan littafin ita ma ta yi tafiya mai nisa. Asalinta Fulatanci ne, jam'in kaɗo, wato wanda ba Bafulatani ba. Abin lura ne cewa mutanen Abuja da kansu suka sa ta a bangon littafinsu. Smith ya ɗauke ta ya raba tarihin Zazzau gida biyu da ita, mulkin Haɓe da mulkin Fulani. Wannan rabo ne Yusufu Bala Usman ya yi wa kakkausar suka a shekarun 1970, da kuma cikin The Transformation of Katsina na 1981, inda ya nuna cewa fassara jihadi da ƙabila tana rufe ainihin abin da ya faru. Muhawarar da ta raya sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello shekaru da dama, ashe wani reshenta daga Abuja ya tsiro.

A fagen adabi kuwa, sawun ya fi fitowa a labarin Amina. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, a ƙarni na 15, ya ce Nupe ta aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Muhammadu Bello ya ce ta rasu a Atagara. Ruwayar Zagezagi, wadda littafin Abuja ya adana, ita ce ta haɗa ta da Bakwa Turunku da ƙanwarta Zariya, abin da ya jawo ta zuwa ƙarni na 16. Ɗan littafin nan Amina Sarauniyar Zazzau da hukumar NORLA ta buga a 1954 wannan ruwaya ya bi, haka ma yawancin littattafan makaranta da wasannin kwaikwayo da suka zo daga baya, har zuwa fim ɗin Izu Ojukwu da aka saki a Netflix a 2021. Masana ba su gama daidaitawa a kan ƙarnin ba, amma a wurin marubutan ƙirƙira ruwayar Zazzau ce ta yi rinjaye.

Mai karatun Hausa zai tuna cewa mijin uwar Shaihu Umar a littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ma Makau ne sunansa, shi ma an raba shi da garinsu bayan wani hari a ƙasar Gwari. Littafin Ɓalewa ya riga na Abuja fitowa da kusan shekara ashirin, saboda haka ba a maganar aro a nan.

5.0 Matanin Hausa

A 1976 aka kafa dokar sabon babban birnin tarayya, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja don girmama Sulaimanu Barau. Gwamnati ta tare a sabon birnin ranar 12 ga Disamba, 1991. Sakamakon haka, ɗalibin da ya ga A Chronicle of Abuja a kantar laburare zai iya zaton tarihin birnin tarayya ne, alhali labarin Zagezagin da ke bayan Dutsen Zuma ne.

Abin da ya fi shafar masu nazarin harshe shi ne halin da matanin Hausa yake ciki. Fassarar Heath aiki ne na zaɓe da tsarawa, ba kalma da kalma ba, kuma ta cikinta Smith da mafi yawan waɗanda suka biyo shi suka fi saduwa da littafin. Bugun Gaskiya na 1952 ba ya cikin littattafan da ake sa wa ɗaliban zube, ko da yake tsaran littattafan NORLA ne da ake karantawa. A cikinsa ne za a ga Hausar fadar Abuja ta tsakiyar ƙarni na 20, wadda ta rabu da ta Zariya shekara ɗari da ɗoriya, da sunayen sarautu da kayan sarauta yadda masu su suke faɗarsu. Aikin da ke jiran masana shi ne a ɗora matanin biyu gefe da gefe, shafi bayan shafi, a ga abin da Heath ya bari, da abin da ya sauya wa wuri, da yadda ya juya kalmomi irin su Magajiya da Iya da Sarauniya zuwa Turanci.