Ƙyamaren Ƙarfe na Ƙofofin Kano: Tarihinsu da Matsalar Adana Su

1.0 Gabatarwa

Manazarta ganuwar Kano sun fi mayar da hankali ga ginin ƙasa, sun bar aikin maƙera a baya. Wannan muƙala za ta dubi tarihin ƙyamaren ƙofofin birnin, da hanyar da ta dace a bi wajen gyara irin wannan ƙarfe.

2.0 Tushen Al'amarin

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma ya faɗaɗa ta. Ƙira kuwa ta girmi ganuwar, domin an sami alamun narkar da tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Da Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya tarar da ƙofofi 15, ƙyamarensu na itace an lulluɓe su da faranten ƙarfe, ana buɗe su da hudowar rana, a rufe da faɗuwarta. Wannan aikin maƙeran baƙi ne, waɗanda suke bugun ƙarfe da masaba a bisa uwar maƙera har ya yi faɗi, sannan su kafe shi da ƙusoshi.

Bayan Turawa sun ci birnin a 1903, ƙofa ta daina zama abin tsaro. Isowar jirgin ƙasa a 1911 ta kawo ƙarfen waje mai araha, narkar da tama ta yi ta ja da baya. An rushe ƙofofi da dama don faɗaɗa hanyar mota, an kuma adana wasu tsofaffin ƙyamare a Gidan Makama.

3.0 Matsalar Gyara

Babban abokin gabar ƙarfe shi ne tsatsa, wadda laima ke haifarwa. Idan ta ci ƙusa, sai ta kumbura ta tsaga itacen da ke riƙe da ita. Sai dai gyaran ganganci ya fi tsatsa ɓarna, domin walda da kankara da inji suna shafe sawun masaba, wanda shi ne shaidar hannun maƙerin. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta tanadi cewa a mutunta kayan asali, duk abin da aka ƙara kuma a iya bambanta shi da tsohon. Saboda haka, abin da ya kamata shi ne a goge tsatsa a hankali, a shafa kaki, a nisanta ƙyauren daga danshi. Inda ƙusa ta ɓace, a sa maƙerin gargajiya ya ƙera madadinta.

4.0 Kammalawa

Masana harshe suna da nasu rabon a wannan aiki. Kalmomi irin su zugazugi da awartaki da masaba suna raye ne muddin maƙera na ci. Ya kamata a tattara su daga bakin tsofaffin maƙera tun suna da rai, domin mai gyaran gobe zai bukaci sunan kowane kayan aiki da yadda ake sarrafa shi.