Daga Risho Zuwa Gawayi: Tsufa a Cikin Badala

A shekarun 1970, ma'aikacin masaƙa mazaunin Yakasai ko Mandawari kan kawo albashinsa daga Bompai, uwargida ta ɗora girki a risho. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka riƙa rufewa, ma'aikata da dama suka koma gida ba fansho. A 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, na fetur ya biyo baya a Mayun 2023. Yau waɗancan ma'aikata dattawa ne, risho kuma ya koma ƙarƙashin gado. Da hunturu, ko ɗumama ruwan alwalar asuba sai an lissafa kuɗin gawayi, ko a jira aiken 'ya'ya.