Tarihin Kyamarar da ke Kama Direbobi

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa da ke kai albasa Kurmi. Ya ce direbobi sun ba shi labari wai akwai na'urar da ke ɗaukar hoton motar da ta ƙetare danja ko ta yi gudun wuce kima, sai dai mai mota ya ga takardar tara. Yana tambaya: wa ya ƙago ta, kuma ana iya ba ta na goro?

To Malam, labarin gaskiya ne. Abin mamaki kuma, wanda ya ƙago ta gwanin gudu ne da mota. Sunansa Maurice Gatsonides, mutumin ƙasar Holan, wanda ya ci babban tseren motoci na Monte Carlo a 1953. Da farko so yake ya auna gudun kansa don ya ƙara sauri. Sai ya shimfiɗa tiyon roba biyu a gicciye kan titi. Taya ta taka na farko agogo ya tashi, ta taka na biyu ya tsaya. A 1958 ya kafa kamfanin Gatsometer, 'yan sanda suka shiga saye. Daga baya aka haɗa na'urar da kyamara, ta ɗauki lambar mota da lokaci, a aika wa mai ita tara har gida. Shi kansa mai ƙirar ta sha kama shi. A 1992 aka fara kafa irinta a titunan Landan.

Batun na goro kuwa, bari mu leƙa birnin Shikago na Amurka. A 2003 hukumar birnin ta fara kafa kyamarori a mahaɗun tituna, duk wanda ya keta jan wuta a ci shi tara, wadda daga baya ta kai Dala 100. An ce ai ga alƙalin da ba ya da ƙane, ba ya da suruki. Binciken da aka yi ya nuna karon da ake yi wa mota a haƙarƙari, wanda ya fi kisa, ya ragu. Amma bugu daga baya ya ƙaru, domin direba na hango kyamara sai ya taka burki da ƙarfi.

Ashe ɓarawon na cikin gida. Wani babban jami'in sufuri na birnin, John Bills, ya daɗe yana karɓar cin hanci daga kamfanin Redflex da aka bai wa kwangilar. A 2016 kotu ta ɗaure shi shekara 10. Kafin nan, a 2014, an gano an ci direbobi tara har sau 77,000 a lokacin da wuta mai ruwan ɗorawa, wadda ke gargaɗi kafin ja, ba ta cika daƙiƙa 3 da aka ƙayyade ba. Ɗan guntun lokacin da ko ƙiftawar ido bai kai ba, ya tara wa birnin sama da Dala miliyan 7.

Ka ga amsarka ke nan, Malam. Kyamara ba ta da aljihu, amma wanda ya sayo ta da wanda ya saita ta suna da shi. In an kafa ta don tsare rai, ta yi amfani. In don tara kuɗi ne, ta zama shingen hanya marar kaki. Don haka duk inda aka kafa ta, haƙƙin jama'a ne su tambaya: wa aka bai wa kwangila, ina tarar take zuwa, kuma ina wanda aka zalunta zai kai kuka?

Kai kuma ka ja kunnen direbanka. Gara albasa ta kwana a hanya da a kai gawa gida. Allah Ya kiyaye hanya, amin. Sai mun ji daga gare ku.