Daga Kukawa Zuwa Yerwa: Faɗuwa da Tashin Kasuwar Litinin ta Borno

Gabatarwa

Duk garin da ya amsa sunansa a ƙasar Hausa da ƙasar Borno, abu uku ne suka tsayar da shi, wato fada da masallaci da kasuwa. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan biyun farko, domin sarakuna suna da magatakarda da maroƙa, malamai kuwa alƙalami yana hannunsu. Kasuwa ce aka bari a baya, alhali ita ke ciyar da sauran biyun. Wannan maƙala za ta bi sawun Kasuwar Litinin ta Maiduguri, wadda bakin jama'a ya fi sabawa da kiranta Monde, don a ga sau nawa ta durƙushe, da kuma su wane ne suka riƙa ɗaga ta. Lamarin ya shafi kowa da ke zaune a garin, domin mai tireda a Galtimari da mai teburi a Gwange da mai shayi a Mairi duk daga cikinta suke saro kaya. Ranar da aka rufe ƙofofinta, tukunyar gidaje da yawa ba ta hawa murhu.

Asalin Kasuwar

Cin kasuwa ranar Litinin ya girmi birnin Maiduguri kansa. A shekarar 1814 Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi ya kafa Kukawa, kuma babbar kasuwar wannan birni ranar Litinin take ci, a fili, bayan ƙofar yamma. Turawa matafiya da suka sauka a can, kamar Denham a 1823 da Barth a 1851 da Nachtigal a 1870, duk sun bayyana ta, sun kuma nuna cewa masu halartarta sukan haura mutum 10,000. Larabawan Shuwa sukan kawo hatsi da man shanu a kan takarkari, mutanen bakin tafkin Chadi su kawo busasshen kifi da kanwa, fataken Kano su kawo turkuɗi da goro, ayarin Fezzan kuma ya sauke hajar Tarabulus. Tarihi ba ya ɓoye abin kunya: a cikin wannan kasuwa har bayi ake sayarwa.

Abin lura shi ne yadda ake ciniki a wancan zamani. Kafin wuri ya zama kuɗi a Borno a wajejen tsakiyar ƙarni na 19, da gabaga ake ma'amala, wato ƙyallen saƙi. Barth ya bayyana wahalar da mai cefane yake sha: sai ya canja dalar azurfa zuwa wuri, ya sayi riga da wurin, sannan ya ba manomi rigar ya karɓi hatsi. Kasuwar da ke tafiya haka ba za ta yiwu ba sai da mutanen da kowa ya yarda da su. Daga nan ne matsayin dillali ya yi ƙarfi, haka kuma na fatoma, wato maigidan da yake saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan an yi bashi. Wannan tsari na amana shi ne jarin da ya fi kowane daɗewa a Borno.

Sau biyu Kukawa ta ga rushewa. A 1846 rundunar Wadai ta ƙone ta, Shehu Umar ya sake gina ta. A 1893 Rabeh ya ci ta da yaƙi, ya mayar da mazauninsa Dikwa, ciniki ya bi shi can. Bayan an kashe Rabeh a Kusuri a 1900, Shehu Abubakar Garbai ya yi ƙoƙarin raya Kukawa, amma abin bai ɗore ba. A 1907 ya tare a Yerwa, kusa da sansanin Turawan Ingila na Mafoni. 'Yan kasuwa suka biyo shi da hajarsu da dillalansu da ranar kasuwarsu. Sunayen unguwanni irin su Hausari da Fezzan shaida ne na irin baƙin da suka zo suka zauna. Ke nan tun farko an ga cewa ana iya ƙone rumfuna, ana iya ma sauya wa kasuwa gari, amma ta rayu muddin mutanenta suna tare.

Zamanin Bunƙasa

Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964. A 1967 garin ya zama babban birnin Jihar Arewa Maso Gabas, a 1975 aka kafa jami'a, a 1976 kuma aka ƙirƙiro Jihar Borno. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kwangila suka cika gari, unguwanni suka miƙa ta hanyar Bama da hanyar Baga da hanyar Damaturu. Kasuwar da a da take ci mako-mako ta koma ta kullum, sunan Litinin kawai ya saura.

Sai dai ƙarfin Maiduguri na haƙiƙa daga kan iyaka yake fitowa. Jihar Borno ta yi maƙwabtaka da Nijar da Chadi da Kamaru. Ta Gamborun Ngala da Banki atamfa da sabulu da robobi da kayan masarufi suke fita zuwa Kusuri da Njamena da Marwa, shanu da fatu kuma su shigo. Daga Baga da Doron Baga banda take sauka a kasuwar kifi ta hanyar Baga, a ɗaure ta a kwali, manyan motoci su kwashe ta zuwa Onica da Legas. Kowace mota ɗaya tana ciyar da masu dako da masu ɗauri da 'yan kamasho da mata masu abincin sayarwa. Saboda haka idan hanya ta toshe, ba attajiri kaɗai ke ji a jikinsa ba.

Shekarun Tsoro

Rikicin Boko Haram ya ɓarke a watan Yuli na 2009, kuma cikin 'yan shekaru ya tsinke jijiyoyin cinikin garin ɗaya bayan ɗaya. A 2011 aka hana hawa babur, dubban 'yan acaɓa suka rasa sana'a. A watan Fabrairu na 2012 aka kai hari kasuwar hanyar Baga. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka kuma katse layukan wayar salula na tsawon watanni, ta yadda ɗan kasuwa ba ya iya jin farashin Kano, balle ya yi odar kaya. A watan Maris na 2014 aka kai wa barikin Giwa farmaki, mazauna Galtimari da Fori suka wayi gari cikin ƙarar bindiga. Gamborun Ngala ta sha nata harin a watan Mayu na wannan shekara, Baga kuma a watan Janairu na 2015. Daga bisani hukuma ta taƙaita cinikin kifi, a 2016 kuma ta dakatar da cinikin shanu a wasu kasuwanni, bisa zargin cewa maharan suna samun kuɗi ta nan.

Ita kanta Monde ta zama abin hari. Ranar 1 ga Yuli 2014 wata mota ɗauke da gawayi ta tarwatse a kusa da ita. Ranar 25 ga Nuwamba 2014 mata biyu suka tayar da bam a cikin cunkoso. Aka sake a watan Janairu da watan Maris na 2015. A irin wannan hali, fita cefane ma sai da addu'a da sallama da iyali.

A nan ne jama'ar gari suka yi abin da ya kamata tarihi ya riƙe. A tsakiyar 2013 samarin unguwanni suka tashi da sanduna da adduna, suka fara tsaron lungunansu, aka riƙa kiran su 'yan ƙato-da-gora. Ƙarfinsu ba a makami yake ba, a sanin mutane yake: sun san ɗan unguwa, sun san baƙo. Su ne suka tsaya a ƙofofin kasuwa suna binciken masu shiga, mata suna binciken mata. Harin watan Janairu na 2015 a bakin ƙofa ya auku, daidai lokacin da ake binciken yarinyar da aka ɗaura wa bam ɗin. Da yawa daga cikin waɗannan samari sun rasa rayukansu a bakin aiki. Gaskiya ne ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun zargi wasunsu da wuce gona da iri, kuma adalci bai yarda a share wannan zargi ba. Duk da haka, da wuya a musanta cewa tsayuwarsu ce ta sa mai rumfa ya sami ƙarfin zuciyar buɗe rumfarsa washegarin hari.

Haka kuma garin ya karɓi dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira daga Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno da sauran wurare, kuma mafi yawansu ba a sansani suka zauna ba, a gidajen 'yan'uwa da abokan arziki suka sauka. Cikinsu akwai 'yan kasuwa da maɗinka da masu ɗinkin hula. Wanda ya san su tun suna garinsu ya ba su kaya bashi, a sayar a kawo uwar kuɗi. Mata suka koma ga adashi don tayar da jarin ƙosai ko na turaren wuta. Ƙananan kasuwannin bakin titi suka yawaita a unguwanni. Tsohon tsarin fatoma ne ya dawo cikin sabuwar riga.

Wuta da Ruwa

Hankali ya fara kwanciya ke nan sai wasu jarrabawoyin suka biyo baya. A watan Janairu na 2021 aka lalata turakun lantarki a hanyar Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka koma ga janareto da hasken rana. Sannan da asubahin Lahadi, 26 ga Fabrairu 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta tashi a Monde ta cinye mafi yawanta. Abin ya zo a lokacin da ake fama da ƙarancin takardun Naira saboda canjin kuɗi, wato ga mari ga tsinka jaka. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ba da sanarwar tallafin gaggawa na Naira biliyan 1, gwamnati ta sake gina kasuwar, aka buɗe ta kafin shekarar ta ƙare, aka kuma ɗage wa masu rumfuna kuɗin haya na shekara biyu.

Wannan aiki ne abin yabo, amma a tsakanin gobara da buɗewa akwai watanni, kuma ciki ba ya jiran kwangila. A waɗannan watanni 'yan kasuwa sun baje abin da ya rage musu a gefen tituna da wuraren wucin gadi, don kada abokan ciniki su watse. Wanda ya san kasuwa ya san dalili: rumfa tana dawowa da bulo da kwano, amma abokin ciniki idan ya saba da wata ƙofa, da wuya ya juyo.

Ba a cika shekara da komawa ba sai ruwa ya zo. A daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliya. Fori da Galtimari da Gwange suna cikin unguwannin da ruwan ya fara ci, daga nan ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa da Monde kanta. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna sama da mutum 400,000 sun bar gidajensu. Buhunan hatsi da sukari da fulawa suka jiƙe suka ruɓe, dilolin atamfa suka sha laka. Masu kwalekwale da samarin unguwa suka shiga aikin ceto tare da sojoji, gidajen tudu suka buɗe ƙofa, aka riƙa dafa abinci ana kai wa makarantun da aka tsugunar da jama'a. Da ruwa ya janye, masu shaguna da yaransu ne suka kwashe laka da shebur da baro.

Abin takaicin shi ne, wannan ba shi ne karo na farko ba. A watan Satumba na 1994 wannan madatsa ta taɓa yi wa garin irin wannan ɓarna. Shekara 30 cif ke nan tsakani, lokacin da ya isa a gyara abin da ya kamata a gyara. Haka ma gobara: ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ta ci babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021, kafin ta iso Maiduguri. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa abu uku ke raya kasuwa a Borno: aminci da hanya da amana. Na farko da na biyu nauyin hukuma ne, kuma babu yawan adashin da zai gyara madatsar ruwa ko ya buɗe hanyar Banki. Na ukun kuwa a hannun jama'a yake, kuma shi ne bai taɓa yankewa ba tun daga Kukawa. Kuskure ne a ɗora wa juriyar talaka aikin da yake na gwamnati, kamar yadda yake kuskure a rubuta tarihin farfaɗowar kasuwa da sunayen masu yanke ƙyalle kawai.

Akwai kuma waɗanda ya kamata a riƙa tunawa da su duk lokacin da ake rabon tallafi. Mai rumfa yana da takarda da lamba, saboda haka sunansa yana shiga jerin sunaye. Mai baro da ɗan dako da tsohuwa mai kasa kuka da daddawa a bakin ƙofa ba su da takarda, alhali asararsu ita ce dukan abin da suka mallaka. Labarin irin waɗannan mutane yana bakinsu, kuma dattawan da suka ga ambaliyar 1994 da ta 2024 da idonsu suna raguwa. Ɗaliban Hausa da na Kanuri da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kai, ga fage nan kusa da su: tafiyar Keke Napep ce kawai daga ƙofar jami'a.