Manufa da Tsari a cikin Halitta

A fagen falsafa, akwai ra'ayin da ke cewa abubuwan halitta ba haka kawai suke ba, kowane akwai abin da aka yi shi dominsa. Masanin Jamus Christian Wolff ne ya raɗa wa fannin suna "teleologia" a 1728, amma muhawarar ta girmi sunan da shekara kusan 2,000.

Tun a Girka maganar ta rabu biyu, kuma har yau mutane na cakuɗa su. Aflaton, a littafinsa Timaeus, ya ɗauki duniya aikin wani gwanin maƙeri da ya tsara ta da gangan. Almajirinsa Aristotal bai nemi maƙeri daga waje ba. A wurinsa manufa tana cikin abin kansa, kamar yadda ƙwayar iri ke nufar zama bishiya. Ya kafa hujja da baki: haƙoran gaba masu kaifi ne don yanka, turame masu faɗi don niƙa, kuma kusan kullum haka suke fitowa. Abin da ke maimaituwa haka, in ji shi, ba a kiransa katari.

Ibn Rushd na Kurɗuba (1126–1198), wanda malamanmu suka fi sani da littafin fiƙihu Bidayatul Mujtahid, ya kira tasa hujjar dalilin inaya: dare da rana, damina da rani, gaɓoɓin jiki, duk sun dace da rayuwar ɗan Adam, dacewar kuwa tana nuna mai nufi. Shi ma masanin falsafa Thomas Aquinas ya yi misali da kibiya, wadda ba ta samun bara sai da maharbi.

Misalin da ya fi shahara na limamin cocin Ingila William Paley ne, a 1802. Wanda ya tsinci agogo a daji, ya buɗe ya ga ƙafafuwa da waya suna aiki tare don nuna lokaci, ya san akwai wanda ya ƙera. To ina ga ido? Abin mamaki, masanin falsafa David Hume ya riga ya soki irin wannan kwatance a littafin da aka buga a 1779, bayan rasuwarsa, yana ganin kamanceceniyar duniya da na'ura ba ta kai a gina hukunci a kanta ba.

Charles Darwin ya karanta Paley yana ɗalibi a Kambirij, hujjar ta burge shi ƙwarai. Sai ga shi a 1859 ya kawo wani bayani: 'ya'ya kan bambanta kaɗan-kaɗan, wanda bambancinsa ya amfane shi ya rayu ya hayayyafa, a hankali gaɓa ta dace da aikinta. Wasu masu imani, irin su abokinsa Asa Gray, sun ɗauki wannan a matsayin hanyar da Mahalicci ya bi.

Masana halittu dai ba su daina tambayar "don me?" ba. A 1958 Colin Pittendrigh ya ƙirƙiro kalmar "teleonomy" don su iya cewa zuciya don harba jini take, ba tare da sun shiga batun wanda ya nufa ba.