Tabar Wiwi a Ƙasar Hausa: Shigowarta, Dokokinta da Illarta ga Jiki



Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa a tarihin tabar wiwi a Nijeriya hukunci ya riga ilimi zuwa, kuma tsananin hukuncin bai hana ta yaɗuwa ba.

Wiwi baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san zaƙami da haukan da yake sawa, amma ita wannan sai ya jingina sunanta ga tabar da ya riga ya sani. Masana tarihi da dama suna ganin sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a Bama, waɗanda suka komo gida bayan 1945, da kuma ma'aikatan jiragen ruwa, su ne suka yaɗa shanta. Yau ana nomanta a dazuzzukan Ondo da Edo da Delta, daga can a yo arewa da ita. Wani kaso yakan bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi, ya ƙetare iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906. Kayan da ke ratsa gari kuwa ba su rasa zuba a cikinsa, shi ya sa garuruwan bakin iyaka na ƙasar Jibiya, irin su Kusa da Magama, suke da ruwa da tsaki a wannan magana.

To, yaya hukuma ta ɗauki al'amarin? Turawan mulkin mallaka sun haramta ta a dokar miyagun ƙwayoyi ta 1935. A 1966 gwamnatin Janar Ironsi ta kafa doka mai lamba 19, wadda ta yanka wa mai nomanta hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21, mai shanta kuwa shekara 10. A 1975 aka soke hukuncin kisan, a 1984 aka sake tsananta dokar, a 1989 kuma aka kafa hukumar NDLEA. Duk da haka, binciken ƙasa baki ɗaya na 2018 ya ƙiyasta masu shanta a Nijeriya sun kai miliyan 10.6.

Abin lura shi ne, lokacin da aka kafa dokar 1966 ilimin abin da wiwi ke yi wa jiki bai nuna ba tukuna. Gaskiya ne likitocin asibitin Aro na Abeokuta, wato Tolani Asuni a 1964 da Adeoye Lambo a 1965, sun yi rubutu a kan dangantakarta da taɓin hankali. Amma a 1964 ɗin ne kawai Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, a ƙasar Isra'ila, suka tace sinadarin THC, wanda shi ne mai bugarwa. Sai a 1988 aka gano gurbin da yake kamawa a ƙwaƙwalwa.

Ga abin da aka tabbatar daga baya. THC yana shiga jini daga huhu cikin daƙiƙoƙi, ya ƙara saurin bugun zuciya, ya raunana riƙe sabon karatu, ya rage hanzarin direba. Da yake a kitse yake narkewa, yakan kwanta a jiki, har a ga alamarsa a fitsarin mai yawan sha bayan makonni. Hayaƙin kansa yana ɗauke da kwalta kamar na sigari, yana jawo tari da majina. Kimanin mutum 1 cikin 10 na masu sha ba ya iya bari, ga wanda ya fara tun yana saurayi kuwa 1 cikin 6 ne. Daɗin daɗawa, wani bincike da aka buga a 1987 a kan samari 45,570 da aka ɗauka soja a ƙasar Suwidin ya nuna waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau shida wajen kamuwa da ciwon hauka mai tsanani.

Bisa ga haka, haɗarin ya fi yawa ga matashi, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jami'in da ke tsare hanyar Jibiya yana da nasa aiki, amma malamin makaranta da ma'aikacin lafiya su ke iya isa ga yaro kafin ya fara. Wanda ya riga ya kamu kuwa majinyaci ne, asibiti irin na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato ya fi gidan yari amfani gare shi.